Zumuncin marubuta: Kaboyi shi kaɗai yake tafiya, mai rubuta shi kuwa sai da 'yan'uwa

Duk wanda ya yi wayo a Kakuri ko Makera ko Nasarawa a shekarun 1970 da 1980, ba sai an ba shi labarin yadda yamma take a wannan ɓangare na Kaduna ba. Da an tashi daga aiki sai titi ya cika maƙil da kekuna da babura. Ga ma'aikatan masaƙar KTL wadda aka buɗe tun 1957, ga na UNTL da na Arewa, ga kuma na kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975. Bahaushe da Bagware, Banufe da Bayarabe, mutumin Bajju da mutumin Tibi, a layi ɗaya suke karɓar albashi. Idan dare ya yi kuma, a benci ɗaya suke zama a silima.

A silimar kuwa, ban da Indiya da Chainis, akwai wani gwarzo da samarin wancan lokaci ba sa mantawa da shi, wato kaboyi. Hula mai faɗin baki, doki, bindiga a ƙugu, magana kaɗan. Ya shigo gari shi kaɗai, ya gama da bos da yaransa, ya kaɗa linzami ya fice shi kaɗai, ko sallama babu. Samari da yawa sun ari tafiyar Clint Eastwood, wasu kuma har suka tsufa ana kiran su Django, sunan fim ɗin nan na Italiya da Franco Nero ya fito a ciki a 1966. Waɗanda suka yi boko kuwa ba su tsaya a kallo ba. Sukan sayi tsofaffin littattafan kaboyi na Turanci, irin na Louis L'Amour da J.T. Edson, littafi ɗaya ya yi ta zagaya hannun abokai har bangonsa ya fita.

To, ko mai karatu ya taɓa tambayar kansa su waye ke zama su rubuta waɗannan labarai? Abin da zai ba shi mamaki shi ne, mutanen da suka ƙirƙiro jarumin da ba ya buƙatar kowa, su kam ba su iya zama su kaɗai ba. Kuma labarin zumuncinsu ya yi kama matuƙa da na marubutan Hausa da suka share wa industirin fim hanya.

Waɗanda suka haifi kaboyi

Yawancin manyan finafinan kaboyi daga littafi aka ɗauko su. Shane na 1953 daga littafin Jack Schaefer ne na 1949. Hondo, wanda John Wayne ya ja a wannan shekarar, daga wani gajeren labari ne na Louis L'Amour. Shi kuwa 3:10 to Yuma, Elmore Leonard ne ya rubuta shi a 1953, aka yi fim ɗinsa a 1957, aka kuma sake yin sa a 2007 da Russell Crowe.

Marubutan nan da mujallu masu araha suka dogara, waɗanda ke biyan su bisa yawan kalmomin da suka rubuta. A farkon shekarun 1950 sai talabijin da ƙananan littattafai na aljihu suka fara cinye kasuwar mujallun, suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma manyan masana adabi ba su ɗauki labarin kaboyi a bakin komai ba. A wurinsu karatun 'yan tasha ne kawai.

A cikin wannan hali ne mutum shida, wato Harry Sinclair Drago da Norman A. Fox da D.B. Newton da Nelson Nye da Wayne D. Overholser da Thomas Thompson, suka kafa ƙungiyar marubutan kaboyi ta Amurka a 1953, wadda aka fi sani da WWA. Ba a gari ɗaya suke ba, don haka da wasiƙa aka yi yawancin aikin. Suka fito da mujallarsu mai suna Roundup, inda ake sanar da juna halin da kasuwa take ciki da wanda ya fitar da sabon littafi. Suka riƙa haɗa gajerun labaran mambobi a littafi guda da sunan ƙungiya. Suka tsayar da taron shekara-shekara, inda tsohon hannu da sabon shiga ke zama a tebur ɗaya. Sannan da suka ga babu mai niyyar karrama su, sai suka ƙirƙiro tasu kyautar, suka sa mata suna Spur, wato ƙaimin da mahayi ke zungurar doki da shi. Ka ji suna da ya dace, don kuwa ƙara ƙaimi ake so marubuci ya yi. Har gobe ana bayar da ita. Elmer Kelton, wani ɗan jarida daga Texas, sau bakwai yana lashe ta.

Kada a ɗauka harkar ta maza ce zalla. Dorothy M. Johnson ita ta rubuta labarin da aka mayar fim ɗin The Man Who Shot Liberty Valance a 1962, da kuma A Man Called Horse na 1970, kuma ita ma ta ci wannan kyauta.

Kaboyin Landan da na Nijar

Wani abin dariya ma a Ingila ya faru. A shekarun 1970 wasu abokai marubuta sun riƙa haɗuwa a Landan suna hira, suna rubuta littattafan kaboyi, alhali akasarinsu a lokacin ko taka yankin da suke ba da labarinsa ba su taɓa yi ba. Har aka yi masu laƙabi da Kaboyin Piccadilly, sunan wani titi a tsakiyar birnin. Terry Harknett, da sunan aro na George G. Gilman, ya rubuta littafi sama da 60 a kan jarumi ɗaya mai suna Edge. Laurence James da John Harvey kuwa suna ɗaya suka ara su biyu, John J. McLaglen, wannan ya rubuta kashi ɗaya, wancan ya ɗora daga inda ya tsaya. Mai karatu yana can yana zaton mutum ɗaya ne. Irin wannan aiki fa sai da amana, don sunan da za a ɓata na mutum biyu ne.

A nan kusa kuma, a Jamhuriyar Nijar, Moustapha Alassane ya tara abokansa a 1966 suka yi fim ɗin Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki suka addabi garinsu, har wasa ya koma zubar da jini. A cikin fim abota ta watse. A waje kuwa ta yi albarka, domin daga cikin 'yan wasan aka sami Zalika Souley, wadda ta zama babbar tauraruwa, da Djingarey Maïga da ya zama darakta mai zaman kansa.

Raina kama ka ga gayya

Shi ma Bahaushe yana da nasa jarumin na kan doki tun kafin ya san kaboyi. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Malam Bello Kagara ya fito da Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam ya fito da Ruwan Bagaja. Jiki Magayi kuwa mutum biyu ne suka haɗa hannu a kansa, John Tafida da shi East ɗin. Ke nan tun daga tushe akwai 'yan'uwantaka a rubutun zube na Hausa.

Amma inda labarin ya fi kama da na Amurkawan nan shi ne ƙarshen shekarun 1980. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Saurayi ko matar aure ta cika littafin rubutu da labari, babu mai karɓa. Da yawa daga cikin masu rubutun ma ba su yi zurfi a boko ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ta makarantar yaƙi da jahilci ya biyo. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya, sai daga baya ta koma karatun manya.

Maimakon kowa ya rungumi takaicinsa, sai suka nemi juna. A Kano aka sami Raina Kama, wadda Ado Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa da Balaraba Ramat ke kan gaba a cikinta. Aka sami Kukan Kurciya, da Ƙungiyar Matasa Marubuta, da Jigon Hausa. A nan Kaduna kuma aka sami Ruwan Dare. Duba sunayen da kyau, kusan kowanne karin magana ne mai ɗauke da martani. Raina kama ka ga gayya. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ruwan dare gama duniya. Mutane ne da suka san an raina su, suka kuma yi niyyar ba da mamaki.

Me ƙungiyar ke yi wa ɗanta? Da farko dai ana karanta masa rubutunsa kafin ya kai maɗaba'a, a gyara ƙa'idar rubutu, a nuna masa inda labari ya yi rauni. Wanda ya riga shi shiga harkar zai nuna masa mai buga littafi da ba ya cin amana, da mai zanen bango, da dillalan da ke Kasuwar Sabon Gari da Kurmi. Sannan ga talla kyauta. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin Raina Kama zai tuna tambarin ƙungiyar, da jerin sunayen littattafan sauran mambobi da ake sakawa a ciki. Ka sayi littafin mutum ɗaya, ka tashi da sunayen littattafai da dama da za ka nema. Idan littafin ɗaya ya karɓu, kamar yadda In Da So Da Ƙauna ya yi a farkon shekarun 1990, to ya ja na 'yan'uwansa zuwa kasuwa.

Su ma dai ba su tsira daga raini ba. Masani Ibrahim Malumfashi ya kira aikin nasu Adabin Kasuwar Kano, ya kuma soki ingancinsa. Aka yi shekaru ana kai ruwa rana, kuma a jaridun Kaduna aka yi mafi yawan fafatawar, irin su Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu duk sun sa alƙalaminsu a muhawarar. Yau ga shi ana nazarin littattafan a jami'o'in gida da waje, har an fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba zuwa Turanci a 2012, kuma a Indiya aka buga shi. Ado Gidan Dabino kuwa ya karɓi lambar girma ta ƙasa, MON, a 2014.

Daga littafi zuwa kaset

A nan ne labarin ya shafi duk wani mai kallon fim ɗin Hausa. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, wanda kuma daga kansa ake fara lissafin finafinan bidiyo na kasuwa, marubuci ne ya tsara labarinsa, marigayi Aminu Hassan Yakasai. A 1994 Ado Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim. Bala Anas Babinlata ya yi haka da Tsuntsu Mai Wayo. Aka ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, aka ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne. 'Yan kallon farko masu karatun littattafan ne, waɗanda ke ɗokin ganin fuskar jarumin da suka daɗe suna hasashe. Hanyar da littafi ke bi ya isa Sakkwato da Maraɗi ita kaset ya bi. Hatta mujallun fim marubuta ne suka kafa su. Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a 1998, inda aka fara amfani da kalmar Kannywood, Ibrahim Sheme kuma ya fito da Fim a Kaduna a 1999.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuɗin fim ya taɓa zumuncin. Marubuta da dama suka ajiye alƙalami suka koma furodusoshi da daraktoci, taron ƙungiya ya fara ƙaranci. Aka shiga zargin juna da satar labari. Rigimar shugabanci ta raba wasu da suka tashi tare. Da industiri ta bunƙasa kuma, waƙa da rawa suka zama su ne ke sayar da fim, sai marubuci ya koma baya. Fuskar jarumi da jaruma ta cika fosta, sunan wanda ya ƙirƙiro labarin kuwa sai ka sa ido sosai kafin ka gan shi, in ma an sa.

Ranar da aka gwada su

Ba a san amfanin ɗan'uwa sai ranar wuya. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta jagoranci ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yanmata, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. A wannan shekarar aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni, kuma Hukumar Tace Finafinai, a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsaurara matakai. 'Yan fim da dama suka kwaso kayan aikinsu suka dawo Kaduna. A 2008 sai hukumar ta waiwayo kan marubuta, ta ce kowannensu ya zo ya yi rajista, a kuma duba littafinsa kafin ya fita.

Da a ce kowane marubuci shi kaɗai ya tsaya, da an bi su ɗaya bayan ɗaya an gama. Amma sai reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, ya haɗa kai da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa, na maza da na mata. Masu rubutun Turanci da masu na Hausa, waɗanda a da ake yi wa kallon ba sa ga maciji, suka yi magana da murya ɗaya, har sai da aka zauna aka tattauna da shugabanninsu. Mata ma sun riƙe nasu ƙungiyoyin, irin su Kallabi da Mace Mutum, inda matar da ba ta cika fita ba ke samun wadda za ta karanta mata rubutu, ta kuma kai mata shi inda ya dace.

Kogi a tsakani

To, a dawo Kakuri. Garin da aka bayyana a farko ya sauya. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun sa jama'a sun yi ƙaura a cikin garinsu. Musulmi da yawa suka tsallaka arewa, zuwa su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Kiristoci da yawa suka gangaro kudu, zuwa Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Masaƙun da ke haɗa kowa da kowa su ma suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Yaron da aka haifa bayan wannan zai iya girma bai taɓa yin aboki na ƙut-da-ƙut a ɗaya gefen gadar sitadiyam ba.

Amma akwai abin da kogin bai raba ba, shi ne harshe. Da Hausa ake ciniki a Kasuwar Monday, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita ake waƙa a coci-coci da dama. Masu kallon finafinan Hausa suna nan a kowane gefe. Elnathan John, haifaffen Kaduna, da Turanci ya rubuta littafinsa Born on a Tuesday, amma jaruminsa almajiri ne mai suna Ɗantala. Kuma an ga yadda littafi ke tara mutanen da siyasa ta kasa tarawa. Bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a 2017, da na HIBAF da Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka fara a Kaduna a 2021, sun zaunar da marubutan Hausa da na Turanci, Musulmi da Kirista, a zaure ɗaya.

Labaran da ke jibge a kudancin Kaduna kuwa ba su da iyaka. Tsohon ma'aikacin masaƙa da ya tsufa yana jiran haƙƙinsa. Maƙwabta biyu da suka ɓoye 'ya'yan juna ranar tashin hankali. Saurayin Barnawa da budurwar Unguwar Sanusi. Wa zai rubuta su yadda ya kamata? Wanda ya san gefe ɗaya kawai, rabin labari zai bayar. Sai ya sami aboki a ɗaya gefen da zai ce masa, "Kai malam, ba haka muke magana ba, gyara nan."

Ga masu sha'awar rubuta fim

Samari da 'yanmata da dama da ke karanta mujallun fim burinsu su ga labarinsu a allo. Yawancinsu a waya suke rubutu, kowa a ɗakinsa, sai dai a turo masa yabo daga mutanen da bai taɓa gani ba. Yabo kuwa ba ya gyara labari. Abin da Raina Kama da WWA suka yi ba ya buƙatar jari. Mutum huɗu ko biyar sun isa. A tsayar da rana, a sami inuwa ko aji a wata makaranta, kowa ya karanta shafi biyu da babbar murya, a faɗa masa gaskiya ba tare da cin fuska ba. A riƙa rubuta wanda ya kawo wane labari da ranar da ya kawo shi, domin wannan shaida ce idan wani ya yi awon gaba da shi. In za a buga littafi, a yi adashi. In furodusa ya zo sayen labari, kada mutum ya je shi kaɗai, kuma a dage sai an sa sunan marubuci inda ido zai gani.

Wanda ke shakkar cewa haka na kai mutum wani wuri, ya dubi shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24. Marubutan littafi ne irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka zauna tare da abokan aikinsu suka riƙa tsara shi kashi bayan kashi, kusan irin yadda abokan nan na Landan suka yi da kaboyinsu. Sun daɗe da sanin juna a fagen rubutu kafin aikin talabijin ya zo.

Kaboyi dai a fim ne yake kashe bos shi kaɗai ya tafi abinsa. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma zumunci a ƙafa yake. Daga Kakuri zuwa Tudun Wada kuɗin Keke Napep ne kawai.